Shirun da ke Cikin Waƙa ta Huɗu

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Na ga saƙonninku. Na ga masu cewa Najwa ta samu miji ta manta da mu, har da wata baiwar Allah daga Zariya da ta rantse in aka yi lalle ban turo hoto ba, ita da ni har abada. Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, ba a yi lalle ba. Mako guda ke nan ina ɗaukar wayar nan ina ajiyewa. Yau dai na ce ko da kuka ne sai na rubuta.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce Najwa, auta a gidan marigayi Audi, kuma ni kaɗai ce mace, yayyena biyu suna can Bur Sudan wajen neman abinci. Ƙauyenmu yana cikin yankin Jazira a nan Sudan, a bakin tur'a, babbar magudanar da ke kawo mana ruwa daga madatsar Makwar. Ina koyar da 'yan aji uku a makarantar 'yan mata. Baba ya rasu wata bakwai da suka wuce, zazzaɓin kwana huɗu. Wanda nake so kuwa sunansa Abdulmuttalib, ɗan garin Mai Wurno, yana aiki a wani kantin magani a Sennar. Gidansu gidan malamai ne tun kakannin da suka taso daga Sakkwato, irin gidan da ko tari za ka yi a zaure sai ka duba hagu da dama. An sa ranar Juma'ar da ta wuce mahaifiyarsa, Hajiya Sharifa, za ta zo ta gan ni. In ta gamsu, maza su biyo baya da maganar tambaya.

Ranar Talata da la'asar ina tsugune gaban kasko ina shafa kisra, wainarmu ta dawa mai faɗi kamar faifai, hayaƙi yana cika mini ido, sai wayata ta yi ƙara a kan turmi. Shi ne.

"Najwa, bar duk abin da kike yi ki saurari wannan. Tun jiya ban ci abincin kirki ba."

Na rubuta masa da yatsa ɗaya, sauran duk ƙullu: "Wa'azi ne?"

"Kiɗa."

"Tabɗi! Jikan malamai da kiɗa? Bari Hajiya ta ji."

"Ita ma na sa mata. Ke dai saurara."

Na goge hannu a zane na danna abin da ya turo. Shafin wasu matasa ne da ke yawo ƙauyuka da na'ura, suna naɗar tsofaffin waƙoƙi kafin masu su su ƙare. Sun saki sababbin faifai bakwai, sun sa musu suna Waƙoƙin Hanya, wato waɗanda kakanninmu suka riƙa yi a ƙafa tun daga ƙasar Hausa har bakin Nilu. Babu hoton mawaƙin, babu sunansa. An dai rubuta: wani dattijo da gurminsa.

Na kunna na farko. Aka taɓa tsirkiya sau uku, ana daidaita ta. Sai mutumin ya yi gyaran murya, gajeru biyu, dogo ɗaya.

'Yan uwa, shekara ashirin da huɗu ina jin wannan gyaran muryar a ƙofar gida kafin a yi sallama. Ko a tsakiyar kasuwar Madani aka yi shi sai na waiwaya.

*Mun bar gida rana tsaka,*
*Ba mu ja ƙyaure ba,*
*Mun ce da marece muna komowa.*

Innalillahi. Baba ne.

"Ke, mi ke ƙauri haka?" Inna ta ɗaga murya daga ɗaki.

Na duba kasko, kisra ta zama gawayi. Na kashe wayar da sauri na cusa ta cikin riga, na ce wuta ce ta yi yawa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba, duk surutuna.

Baba ɗan makaɗa ne. A wani ƙauye wajen Dinder aka haife shi, ubansa da kakansa duk da gurmi suka ci suka sha. Ku mutanen Najeriya kun san zancen, ba sai na ɓata bakina ba. Ana son makaɗi ranar biki, a yi masa liƙi, a yi hawaye in ya taɓo zuciya, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure sai a tuna maroƙi ne. Mu nan abin har ya fi, don duk abin da kakanni suka ɗauko a ka mun ƙanƙame shi, mai kyau da marar kyau. Da Baba ya nemi Inna, iyayenta suka ce sai ya ajiye gurmi, ya kuma bar garin da aka san shi. Ya ajiye. Ya taho Jazira ya kama hawasha, gonar da ake yanka wa manomi a bakin ruwa, ya shekara talatin yana auduga da dawa da gyaɗa. A ƙauyenmu Audi manomi aka sani, wanda ba ya rasa sahun farko.

Sai dai bai yar da gurmin ba. Yana cikin buhu, a saƙale a rufin rakuba, 'yar rumfar da yake hutawa a gona. Ina ƙarama in na kai masa fatur, wato abincin hantsi, sai ya zaunar da ni a cinya ya kaɗa mini a hankali, ya ce, "Auta, wannan tsakaninmu ne, daga ni sai ke sai tsuntsaye."

Ina shekara goma sha shida uban wata 'yar ajinmu ya bi ta bakin gonar ya jiyo. Washegari ina sa ƙafa a aji aka ɗau tafi, ana ga 'yar maroƙi ta iso, a ba ta na goro. Ban jira an tashi ba. Da kayan makaranta a jikina na nufi gona, na same shi cikin ruwa har gwiwa yana buɗe wa auduga hanya.

"Baba, so kake in tsufa a ɗakin Inna?"

"Subhanallahi! Mi ya faru, Auta?"

"An ce mini 'yar maroƙi! Wa zai aure ni? In kai ba ka jin kunya, mu muna ji!"

Haka na ce masa. Ba zan gyara maganar don ku so ni ba. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke wuce ƙafafunsa, sannan ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"To, halas, shi ke nan. An bari."

Ya fito ya wanke hannu, ya zaro ɗanyar gyaɗa daga aljihu ya ba ni, ya ce in koma gida rana ta yi zafi. Maganar ta mutu da kanta a gari, aka ce rediyo mutumin ya ji. Shekara takwas ban sake jin ƙarar tsirkiya ba, har na ɗauka ya ƙona shi. Kuma wallahi daɗi na ji.

Da na gama kisrar ranar Talatan nan na shige bayan ɗaki na sake buɗe shafin. A ƙarƙashin faifan matasan sun yi ɗan bayani da Hausa da Larabci. Sau ɗaya na karanta ya zauna mini a ka:

"Dattijon ya yarda mu naɗa bisa sharaɗi biyu. Kada a saki sai bayan ransa, kada kuma a faɗi sunansa ko garinsa. Ya ce yana da ɗiya mace, ba ta yi aure ba tukuna."

Kwana biyu kacal da sakin faifan, amma sharhin masu sauraro ya fi ƙarfin karantawa. Wani daga Sakkwato ya ce da waƙa ta farko kakarsa take sussukar gero, a can ta ɓace tun tuni, ashe tana Sudan a ajiye. Wata mai aikatau a Jidda ta ce ta kunna ta biyu tana guga, sai da matar gidan ta leƙo ta tambaye ta wa ya mutu. Wani saurayi ya rubuta da Larabci cewa shi Bahaushe ne amma daga gaisuwa bai san komai ba, duk da haka da ya ji, ƙamshin ɗakin kakarsa ne ya dawo masa. Akwai masu ƙorafi, ai ba a rasa su. Wani ya ce muryar tsohon ta gaji, ba ta kai sama ba a ta shida. Wani kuma ya ce naɗin bai yi tsabta ba, ana jin ruwa da tsuntsaye da kukan jaki, me ya hana a kai shi ɗakin naɗi? Na ce a raina, malam, jakinmu ne, kuma ya fi ka sanin kiɗan nan, shekara goma yana sauraro kyauta.

Amma inda aka yi cacar baki sosai shi ne kan ta huɗu. Waƙar wata mata ce da ta binne ɗanta a bakin hanya, ayari ya tashi, dole ta bi. A tsakiyar baiti, kalma ma ba ta ƙarasa fita ba, sai Baba ya tsaya cak. Gurmi ya yi shiru, shi ma ya yi shiru, har sakan goma sha tara. Daga nan ya ɗora daga inda ya tsaya, amma ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa, har ƙarshen waƙar.

Mutum sama da ɗari biyu suna musu a kan wannan shirun. Wani da ya ce shi malamin jami'a ne ya zuba dogon bayani, wai tsohon salo ne na makaɗan da, a yanke waƙa inda baƙin ciki ya kai maƙura don mai sauraro ya samu wurin yin nasa kukan. Wani ya ce ƙarya ne, tsirkiya ce ta kwance. Wata ta ce duk ku yi shiru, kuka ne ya ci ƙarfin tsoho. Abu ɗaya suka haɗu a kai: wai raɗan nan da ya biyo baya ya fi komai daɗi a faifai bakwai ɗin, muryar mutumin da ke kewar ƙasar da bai taɓa gani ba.

Na saƙala abin ji a kunne na ƙure ƙara. Cikin shirun akwai motsin tufa. Can nesa kuma, in ka kasa kunne sosai, akwai ƙarar murfin kwano.

Kwanonmu ne. Mai murfin da ya lotsa.

Bara ne, lokacin tsinkar auduga, wata Asabar. Na kai fatur da wuri don ina sauri in je kitso. Tun daga nesa na hango baƙi biyu maza zaune a rakuba da wata baƙar jaka, don haka ban ƙarasa ba, kun san budurwa ba ta kutsa kai cikin baƙin maza. Na ajiye kwano a gindin bagaruwa na ɗaga masa hannu. Yana zaune a sandare, ya lulluɓe gwiwoyinsa da mayafi, cikin wannan zafin. Ya gyaɗa mini kai, na juya. Da yamma na tambaye shi su wane ne, ya ce masu auna ruwa ne.

Ni ya hango. Ni ce shirun da malamin jami'a ke yi wa sharhi. Raɗan da duniya ke yabo kuwa, ya rage murya ne don kada in jiyo daga bakin tur'a.

Bayan magariba Abdulmuttalib ya kira.

"Kin kai ta huɗu?"

"Na kai."

"Ya salam! Shirun nan, Najwa! Sau goma sha ɗaya na maimaita. Amma kin san wa nake tausayi? Ɗiyar. Ko ta san abin da ubanta ya haɗiye saboda ita?"

"Wataƙila ba ta cancanci tausayi ba."

"Haba, kada ki ce haka. Me ya sami muryarki?"

"Hayaƙin kisra ne."

Kafin Laraba ta faɗi, kowace waya a ƙauyenmu Baba take rerawa, daga mai shayi har masu jiran mota a bakin titi. Ranar Alhamis sai ga Baffa Mahmudu, ƙanen Baba, wanda ya biyo shi Jazira tun yana saurayi ya buɗe kanti. Duk danginmu babu wanda ya kai shi gudun asalinmu, ko tafi ake yi a biki hannunsa na cikin aljihu. Ya zauna a bakin angarib, gadon igiyar tsakar gida, ko ruwa bai sha ba.

"Kun ji abin da Yaya ya bar mana?"

Inna tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. "Na ji ana faɗi. Ban saurara ba, ba ni kuma saurare."

"Madalla. Muryar waƙa daban, ta magana daban. Mai zargi ya yi ta zarginsa, ba suna, ba hoto. Mutanen Mai Wurno sun yi bincikensu, an ce musu manomi ne, kuma ba a yi musu ƙarya ba." Ya juyo kaina. "Ke Najwa, gobe ki kama bakinki. In an ɗaura, ko a rediyo a faɗa."

"Baffa, in suka ji daga baya fa?"

"Daga baya kina ɗakinki. Shi mai waƙar da kansa mi ya ce? Cewa ya yi a ɓoye. Ko kin fi shi sanin abin da ya dace da ke?"

Gaskiya ne, Baba ne ya ce a ɓoye. Kuma ina son Abdulmuttalib, ba zan yi muku kara ba, son da in na ga sunansa a waya sai na gyara ɗankwali kamar yana ganina. Na ce wa Baffa to.

Ranar Juma'a tun da safe muka share gida har bayan randa. Muka shimfiɗa sababbin zannuwa a gadaje, Inna ta turara ɗaki da turaren sandal har labule ya kama. Na sa doguwar riga ruwan zuma da farin tob, mayafinmu na nan, mai ɗigon shuɗi, ɗan kunnen Inna na zinariya, kwalli kaɗan, ban da jan baki, kada a ce malamar makaranta ta cika rawar kai. Inna ta sa tob ruwan toka, karonta na farko da yin kwalliya tun da ta fita takaba. Na soya gahawa da citta na zuba a jabana, 'yar butarta ta ƙasa, na jera finjalan sha da dabino da gugguru a babban faranti.

Bayan an sauko daga masallaci Hajiya Sharifa ta iso da ƙanwarta. Doguwar mace ce, tob ruwan madara, baƙin lalle a kan yatsu, casbi a hannu. Tun yanzu ina roƙonku kada wanda ya zage ta a ƙarƙashin rubutun nan, ba muguwa ba ce. Ta yi wa Inna ta'aziyya har idonta ya kawo ruwa. Ta tambaye ni me nake koyarwa, ta kurɓi gahawata ta ce, "Kwayyis, hannunki na da daɗi." Ƙanwar tana ta ƙare mini kallo daga ɗankwali har farce, na ga alamar na ci jarrabawa. Zuciyata har ta fara sauka.

Sai Hajiya ta buɗe jaka ta ciro waya.

"Innar Najwa, kin ko ji abin da yaran nan sunka fitar? Ɗana ya sa mini, wallahi kwana uku ina hawaye. Kakata da wagga waƙa take kaɗin auduga. Tsaya ki ji."

Kafin wani ya motsa ta danna. Ta huɗu ce.

Muryar Baba ta cika ɗakin da bai taɓa yin waƙa a cikinsa ba. Ni Inna nake kallo. Shekara talatin rabonta da jin wannan muryar da gurmi. Fuskarta ba ta motsa ba ko kaɗan, amma ta dire finjalin da ke hannunta. Babban yatsan ƙafarta yana ta tonon tabarma. Idonta ya tafi kan ƙusar bayan ƙofa, inda farar jallabiyarsa take rataye har yau, ta yi maza ta ɗauke shi.

Hajiya tana share hawaye da bakin tob. Da aka zo shirun ta ɗaga yatsa.

"Ku ji nan. Ɗana ya ce masana sun ce salo ne na mutanen da."

Muka zauna mu huɗu cikin sakan goma sha taran nan. Na ji murfin kwanona ya yi ƙara. Baba ya dawo da raɗansa.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya. "Allah shi jiƙan bawan nan. Kuma ya yi hankali da ya ɓoye suna. Murya kam Allah ya ba shi, amma wa zai kai ɗansa gidan roƙo? Ya rufa wa ɗiyarsa asiri. Ko ba haka ba, Innar Najwa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Haka ne."

Wayyo Allah. Wannan "haka ne" ɗin ne ya gama da ni. Na sa uba ya ɓoye gurminsa a ƙarƙashin mayafi, yau kuma na sa uwa ta yi musun mijinta a ɗakinsa, yana cikin waƙa. Duk don a aure ni.

"Ba salo ba ne, Hajiya."

"Na'am, ɗiyata?"

"Shirun. Ba salo ba ne. Ni ya hango tafe da fatur, ya ɓoye gurmin. Ya rage murya ne don kada in ji. Sunansa Audi. Ga jallabiyarsa can a ƙusa."

"Najwa!" Inna ta ce. Sai kuma ta ja tob ta rufe fuska, ta fashe da irin kukan da ko ranar da aka fita da shi ba ta yi ba.

Hajiya ta kalli jallabiyar, ta kalle ni, ta kashe wayar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta ajiye finjali da sauran gahawa a ciki.

"Allah shi gafarta mishi. Kin faɗi gaskiya, ɗiyata, ba kowa ke iyawa ba."

Ta miƙe ta gyara tob. Na raka su har ƙofa. A nan ta kama hannuna ta riƙe ya ɗan jima, ta ce, "Ma'alesh." Mu nan mun san wannan ma'alesh ɗin, shi ake ce wa wanda ya yi hasara. Ba ta ambaci ranar zuwan maza ba.

Ko awa ba a yi ba Baffa ya faɗo gidan ba sallama. Ya ce na kashe kaina da bakina, wannan ruwana ne, amma shi fa? 'Ya'ya mata uku gare shi a gida, wa na tambaya kafin in tona su? Har yanzu da nake rubutun nan ban da amsar da zan ba shi, kuma 'yan uwan nawa ko gaisuwata ba su amsa ba a waya.

Sai ranar Asabar Abdulmuttalib ya kira.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba tun ranar Talata?"

"Tsoro."

"Na zauna ina ba ki labarin mahaifinki kamar wani wawa."

"Ka yi haƙuri."

Ina jin wani a kantin yana tambayar maganin tari.

"Hajiya ta ce ba ta ga aibinki ba, amma a gidanmu ba a taɓa yi ba. Ta ce magana tana hannun Malam." Mahaifinsa ke nan, ya yi tafiya Damazin. "Ranar Litinin zai dawo. Ni zan sa masa faifan da hannuna, in gaya masa ko wane ne. Duk abin da ya ce zan kira in faɗa miki."

"In ya ce a'a fa?"

"Ban sani ba, Najwa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Jiya Lahadi, mu nan ranar aiki ce, da na dawo daga makaranta na tarar Inna ta yafa tob tana jirana. Ta ce, "Raka ni gona." Buhun yana nan a rufin rakuba, ƙura ta rufe shi, zanzaro har ya yi gini a bakinsa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke. Inna ta goge ƙoƙon da gefen tob ɗinta, ta yar da buhun a nan. A fili ta rungumo gurmin muka biyo bakin tur'a, masu wanki suna kallo, masu shan shayi suna kallo, ba ta sunkuyar da kai ba.

Muna tafe ta ce, "A wajen biki na fara ganin babanku, da wannan a hannunsa. Saboda gurmin na so shi. Sannan na zauna ina kallo anka raba su, ban ce uffan ba. Ba ke kaɗai ba ce, kin ji ko?"

Ta rataye shi a ƙusa, kusa da jallabiyar.

Yau Litinin. Da la'asar Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce in kawo wayar, in ƙure ƙara, tana son ta ji tun daga farko. Muka ji ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Maƙwabta suka yi tsit ta bayan katanga. Da ta huɗu ta kai wurin nan, Baba ya tsaya, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, ci gaba. Ɗaga muryarka. Wallahi ba na jin kunya."

Ya ci gaba. Amma ƙasa-ƙasa, yana raɗa, yana jiran in yi nisa. Ko sau dubu na kunna haka zai yi.

Yana cikin baitin nan wayar ta yanke waƙar ta hau ruri. Sunan Abdulmuttalib ya cika fuskarta. Inna ta kalle ni. Na san Malam ya dawo, na san an yi magana.

Na danna ja, na kashe kiran. Na taɓa katse Baba a daidai wannan waƙar, ban iya ƙarawa ba. Muka zauna har ya kai ƙarshen ta bakwai, ya yi gyaran murya, ya ce wa yaran, "To, iyakar abin da na riƙe ke nan."

Abdulmuttalib bai sake kira ba. Saƙon murya ya bari, minti ɗaya da sakan shida. Yana nan a saman wayar da nake rubuta muku da ita, ban buɗe ba. Na ce sai na gama wannan tukuna, tun ban san abin da ke ciki ba, don kada gobe wani ya ce don an karɓe ni na faɗa, ko don an ƙi ni.

Masu tambaya a ƙarƙashin faifan nan wane ne dattijon, ku je ku gaya musu. Sunansa Audi ɗan Bilyamin, makaɗin gurmi, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Ni ce ɗiyar da ba ta yi aure ba.

Bismillahi. Bari in buɗe.